Garken da ke cikin hanji: darasin da masu dashen ɓargo suka ba mu a kan kafso

 Wannan shi ne bayanin shirin lafiya na wannan mako. Mun sa shi a takarda domin wanda bai samu ji ba, da wanda yake son a sake karanta masa a ruga ko a rumfar kasuwa.

Maganar da muka ɗauko za ku ji ta kamar ta nesa, wato dashen ɓargo. Aiki ne da mutanenmu kan tafi Masar ko Indiya ko Saudiyya a yi musu, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. To amma abin da likitoci suka gano a cikin masu wannan dashe ya shafi kafson da ke aljihunka, ya shafi kwalbar allurar da ke jakar kiwonka. A cikin kowane ɗan Adam akwai garke na ƙananan halittu da ke yi masa aiki dare da rana. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda a saidaliyya ake ce masa mudad, a kasuwa kuma mu ce kafso, ba ya tantance nagari da mugu a cikinsu. A asibitocin dashe ne aka fi ganin abin da ke biyo baya idan garken ya watse.

Mu fara da tumbin saniya

Iyayena makiyaya, kun fi ni sanin wannan. Saniya ba da ƙarfinta kaɗai take narkar da ciyawa ba. Tumbinta cike yake da bakteriya da wasu halittun da ido ba ya gani, su ne ke sarrafa ciyawa da karan dawa su mai da su abin da jikinta zai ɗauka. Ranar da ta ɓalle ta faɗa tsibin dawa ta ci ta ƙoshi, tumbin ya yi tsami, waɗannan halittu su mutu, sai ku ga ta daina tuƙa, cikinta ya tsaya, ta yi lamo. Haka ma yakan faru idan aka ɗura wa babbar dabba maganin kashe ƙwayoyi ta baki kwana da kwanaki. Shi ya sa likitan dabbobi ya fi son allura ga saniya da raƙumi da tunkiyar da ta riga ta fara tuƙa. Kuma idan tumbi ya mutu, ɗaya daga cikin dabarun da ake yi ita ce a ɗebo ruwan tumbi ko tuƙar lafiyayyar saniya a ba mara lafiyar, domin a mayar mata da abin da ta rasa.

To mu ma haka muke, sai dai namu garken a babban hanji ya fi yawa. Lissafin da masana suka fitar a shekarar 2016 ya nuna a jikin babban mutum akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ne sau miliyan. Duk da wannan yawa, nauyinsu bai wuce giram 200 ba. Iri-iri ne, ɗaruruwa, kuma aikinsu uku ne manya.

Na farko, suna cin ɓangaren abincin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar da ke cikin dawa da gero da ɓawon wake. Daga nan suke fitar da wani sinadari da ake kira butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanji. Na biyu, suna cika wuri. Makiyayar da ke cike da dabbobin gida, baƙon garke ba ya samun inda zai sauka. Haka muguwar ƙwayar cuta idan ta shigo ta tarar an cinye abinci an tare wurin zama, ba ta iya yaɗuwa. Na uku, suna horar da garkuwar jiki, ta san wanda za ta kai wa hari da wanda za ta ƙyale.

Mene ne dashen ɓargo?

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da za mu kira ƙwayoyin iri, domin daga gare su ne jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu tsayar da zubar jini suke fitowa. Idan irin ya lalace, kamar a sankarar jini, ko an haifi mutum da shi da tangarɗa, kamar a sikila, ana iya share tsohon a shuka sabo.

Ba fiɗa ake yi ba. Ana ba mara lafiya magunguna masu ƙarfi, waɗanda a nan muke ce wa kimawi, su kashe ɓargonsa. Sannan a ɗebo ƙwayoyin iri daga ƙashin ƙugun mai bayarwa ko daga jininsa, a ɗaura wa mara lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin su ne ke neman hanyarsu zuwa cikin ƙashi su zauna. Mai bayarwa kuwa nasa yana komawa yadda yake cikin makonni kaɗan. Wanda ya fi dacewa ya bayar shi ne ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowane ɗan'uwa damar ya dace ɗaya ce cikin huɗu.

Likitan da ya share fagen wannan aiki, Donnall Thomas na Amurka, ya sami kyautar Nobel a 1990. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 a birnin Memphis, mai sankarar jini da sikila a haɗe. An dasa mata ɓargon ɗan'uwanta domin sankarar, sai ga shi sikilar ma ta tafi. Masar ta fara dashe a 1989. A Najeriya kuwa, ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara a 2011, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 7 da ɓargon yayansa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya biyo baya a 2024.

Ga inda abin ya taɓa mu. Sikila, ko amosanin jini, ba baƙuwa ba ce a gidajen Hausawa da Fulani da Barebari na Sudan, daga Mai Wurno har ƙauyukan Gadarif, kamar yadda take a tsakanin Misiriyya na Kordofan. Yaro mai sikila idan ya sami ɗan'uwan da ya dace kuma aka yi masa dashen da wuri, fiye da tara cikin goma suna rabuwa da cutar. Saboda haka akwai gidaje a cikinmu da wata rana za su sayar da shanu ko amfanin riɗi su kama wannan hanya.

Makonnin da gida ba mai gadi

Tsakanin kashe tsohon ɓargo da kamawar sabon akwai mako biyu zuwa huɗu da mara lafiya ba shi da fararen ƙwayoyin jini, su ne kuwa sojojin jiki. A wannan lokaci ƙwayar cutar da ba za ta ko sa ka atishawa ba tana iya kashe shi cikin yini guda. Shi ya sa ƙa'ida take, da zarar zazzaɓi ya taso masa, a ɗaura masa maganin kashe ƙwayoyi mai ƙarfi cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon gwaji. Ku riƙe wannan da kyau: in ba don waɗannan magunguna ba, da babu dashen ɓargo gaba ɗaya.

Amma haɗari biyu na jiran sa, kuma dukansu ta hanji suke bi.

Na farko, kimawi yana sassaɓe bangon hanji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk bakteriyar da ta fi yawa a hanji a lokacin, ita ce za ta bi tsagar ta shiga jini.

Na biyu, sabon ɓargo yana zuwa da sojojinsa. Wani lokaci sojojin nan sai su ɗauki jikin mara lafiyar a matsayin abokin gaba, su far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa. Mu kira ta cutar baƙo ya far wa mai gida. Idan ta kama hanji, gudawa ce mai tsanani wadda take iya kai wa ga mutuwa.

A shekarun 1970, wani masani a ƙasar Holan mai suna van Bekkum ya ga ɓerayen da aka raina ba ko ƙwayar bakteriya ɗaya a cikinsu ba sa shan wahalar wannan cuta sosai bayan dashe. Daga nan asibitoci da dama suka ɗauki al'adar share hanjin mara lafiya da magani kafin dashe. Sai dai mutum ba ɓeran kwalba ba ne. Ba a iya share hanjinsa tas. Abin da ke faruwa shi ne, nagari su mutu, masu taurin kai su rage.

Abin da aka gani a bayan gidan marasa lafiya

Da aka sami na'urorin da ke iya ƙirga kowane irin bakteriya a cikin ɗan ƙaramin bayan gida, likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York suka fara tara na masu dashe, mako bayan mako. Ga abin da suka gani.

A 2012 sun bi mutum 94. A cikin da yawansu, bayan an fara magani, ɗaruruwan irin nan sai su ɓace, iri ɗaya tak ya mamaye hanji. Wanda ya fi yin haka shi ne wani da ake kira Enterokokas. Mutumin da ya mamaye wa hanji, haɗarin ya shiga jininsa ya ninka sau tara. Kuma maganin metronidazol, wanda kuka sani da sunan Flagyl, ya ninka yiwuwar wannan mamaya sau uku. Dalili kuwa, shi Flagyl ya fi kashe bakteriyar da ba sa son iska, su ne kuwa mafi yawan nagarin da ke babban hanji.

A 2014 sun raba mutum 80 gida uku gwargwadon yawan irin bakteriyar da ya rage musu lokacin da sabon ɓargo ya kama. Bayan shekara uku, cikin masu iri da yawa kashi 67 cikin 100 suna raye. Cikin na tsakiya kashi 60. Cikin waɗanda garkensu ya watse, kashi 36 kacal.

A 2016 sun duba takardun mutum 857, suna tambaya ko duk magani ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Waɗanda aka ba imifenem, wani magani mai share kusan komai, kashi 21.5 cikin 100 nasu cutar baƙo ya far wa mai gida ta kashe su cikin shekara biyar, alhali cikin waɗanda ba a ba su ba kashi 13.1 ne. Wasu magungunan kuwa da ba sa taɓa nagarin nan sosai, irin su sefefim da aztireyonam, ba a ga wannan ƙari tare da su ba. Mai hankali zai ce, ai wanda ya fi jin jiki shi ake ba magani mafi ƙarfi, ƙila dama shi ne zai fi mutuwa. Masu binciken sun yi wannan tunani, shi ya sa suka gwada a ɓeraye. Ɓerayen da aka ba imifenem cutar ta fi tsananta a hanjinsu, kuma an ga yauƙin da ke shafe da bangon hanjin ya zaizaye, domin bakteriyar da ke cin yauƙin ta ƙaru.

Sai a 2020 aka haɗa asibitoci huɗu, biyu a Amurka, ɗaya a Regensburg ta Jamus, ɗaya a Hokkaido ta Japan. Mutum 1,362, samfurin bayan gida 8,767. Abincinsu daban, ƙasarsu daban, amma labarin ɗaya ne: garke yana watsewa lokacin dashe, kuma wanda nasa ya fi yawan iri ya fi samun tsira. Wani abin lura kuma, da yawa sun iso asibitin da garken da ya riga ya ragu tun kafin a fara dashen.

Mayar da garke gida

Kun tuna ruwan tumbin lafiyayyar saniya? Likitocin mutane ma sun koma ga wannan dabara. A 2013, a Amsterdam, aka gwada ta a kan masu wata muguwar gudawa da ke tasowa bayan shan maganin kashe ƙwayoyi, wadda take dawowa duk lokacin da aka tsayar da magani. An tace bakteriyar hanjin masu lafiya aka zuba musu. Cikin mutum 16, sha uku sun warke a karon farko. A 2018 kuma likitocin New York suka ajiye bayan gidan masu dashe a ƙanƙara tun kafin a fara ba su magani, bayan ɓargo ya kama aka mayar wa 14 daga cikinsu da nasu. Garken ya farfaɗo.

Jama'a, wannan aikin asibiti ne, kada wani ya ce zai gwada a gida. A 2019 wani mai dashe ya rasu a birnin Boston domin abin da aka ba shi yana ɗauke da ƙwayar da ba ta jin magani. Idan hakan ta faru a inda ake tacewa ana gwadawa, ina ga tsakar gida?

Abin da ya fi sauƙi, kuma shi asibitocin dashe suka fi mai da hankali a kai yanzu, shi ne a rage ɓarnar tun farko: a zaɓi maganin da ya dace da cutar, a sauya zuwa mai sauƙi da zarar gwaji ya nuna ko wace ƙwaya ce, a tsayar idan buƙata ta ƙare.

To mu ina ruwanmu?

Za ku ce mu ai lafiyarmu ƙalau, garkuwarmu tana nan. Gaskiya ne, hanjin mai lafiya yana farfaɗowa. Amma ba duka yake dawowa ba. A Denmark, a 2018, an ba lafiyayyun samari 12 magunguna uku masu ƙarfi na kwana huɗu kawai. Bayan wata ɗaya da rabi garkensu ya kusa komawa yadda yake. Amma bayan wata shida, iri tara da kowa yake da su a da ba a ƙara ganinsu a cikin yawancinsu ba. Wannan zagaye ɗaya ke nan. Yanzu ku lissafa na mutumin da duk mura kafso, duk ciwon ciki Flagyl, duk gajiyar hanya tsakanin Gadarif da Galabat ya ɓare biyu ya kora da shayi.

Bayan raguwar nagari, akwai ƙaruwar masu taurin kai. Duk lokacin da magani ya shiga hanji, masu jin sa su mutu, marasa ji su hayayyafa. Suna iya zama a cikinka ba ka san da su ba, kuma suna bin hannu da ruwan hafir da kwanon abinci su shiga 'ya'yanka. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyi jure masa. Wani babban lissafi da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi ƙamari.

A Jamhuriyar Nijar an ga fuska biyun nan a wuri ɗaya. A jihar Dosso an riƙa ba ƙananan yara azitiromaisin sau biyu a shekara, kuma rahoton 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100. Ceto ne babba. Amma da aka duba hanjin yaran daga baya, an tarar alamun bijire wa irin wannan magani sun ninka. Magani ke nan: yana da amfani, yana da farashi, sai a sa shi inda amfanin ya fi.

Wannan shi ya sa asibitocin dashe da dama suke gwada hanjin mara lafiya tun ranar da ya iso. Idan aka tarar yana ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa manyan magunguna, likita ya san ranar da ta shiga jini abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne. Yaron da aka sayar da shanu aka kai shi Alƙahira yana iya isa can da wannan kaya a cikinsa, kuma a gida ya ɗauko shi. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Kwalbar da ke jakar kiwo

Iyayena, allurar oksitetarasaikilin da ake yi wa shanu da awaki, da fenisilin, 'yan gida ɗaya ne da waɗanda ake ba mutane. Idan aka yi wa saniya yau aka tatse ta gobe, ragowar maganin yana cikin nonon, kuma tafasawa ba ta fitar da shi duka. Ko mai sayar da nono takan gane, domin nonon da ke da magani ba ya kwana yadda ya kamata, maganin ya kashe bakteriyar da ke sa shi tsami. To abin da ya hana nono kamawa a ƙwarya, me kuke tsammani zai yi a cikin jariri?

A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Ga nama, allura mai dogon aiki takan kai mako uku zuwa huɗu, wata ma ta wuce. Idan ba a iya karantawa, a tambayi mai sayarwa ko likitan dabbobi. Dabbar da aka yi wa allura aka ga ba za ta tashi ba aka yi sauri aka kai ta mahauta, da maganin ake sayar da ita. Kuma yin allura ga garke duka domin kawai za a kama burtali zuwa Buɗana, ba tare da ciwo ba, asarar kuɗi ce da kiwon masu taurin kai. Tarayyar Turai ta haramta zuba waɗannan magunguna a abincin dabbobi domin ƙiba tun 2006.

Ku fatake kuma, kafson da ya kwana bisa tire a rana, ko ya yi mako a bayan lori, ƙarfinsa yana iya raguwa, kuma wanda ba a san inda aka yi shi ba ƙila ma bai cika ƙima ba tun asali. Rabin magani shi ne ainihin abin da Fleming ya ji tsoro.

Abin da za a riƙe

Mura da yawancin tarin sanyi ba bakteriya ke kawo su ba, kafso ba ya yi musu komai. Zazzaɓin cizon sauro maganinsa daban, a yi gwaji. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu a ƙauyukanmu na bakin kogin Atbara da Rahad, musamman ga yaro yana ramewa ciki na kumbura, a yi tunanin kala-azar a kai shi asibiti, domin kafson kasuwa ba ya warkar da ita.

Yawancin gudawa abin da take buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari, ga yara a haɗa da zinki. Ko kwalara, wadda muka gani a nan Gadarif a 2023, mayar da ruwan jiki shi ne babban maganinta. Amma gudawa da jini, ko mai zuba kamar ruwan shinkafa, ta asibiti ce nan take.

Idan likita ya rubuta maka magani, ka sha yadda ya ce, a lokacin da ya ce, na kwanakin da ya ce. Kada wani ya ji wannan shiri ya ƙi magani alhali yana da ciwon huhu, ko miki ya ruɓe, ko mai jego na zazzaɓi. Garin neman gira kada a rasa ido. Ragowa kuma ba a ajiye wa maƙwabci.

Iyayen masu sikila, ku saurara da kyau. Fenisilin ɗin da ake ba yaro kullum har ya kai shekara biyar, kada ku tsayar. Saifar waɗannan yara ba ta aiki sosai, kuma binciken da aka yi a Amurka a 1986 ya nuna wannan magani ya rage musu wata muguwar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Magani ne ɗaya, sananne, da ƙima, bisa umarnin likita. Abin da za ku guje wa shi ne ƙara masa wasu daga kasuwa duk lokacin da ƙashi ya motsa. Zazzaɓi a jikin mai sikila kuwa ba a kwana da shi a gida.

Wanda ke shirin tafiya dashe, ya rubuta duk maganin da mara lafiya ya sha a watannin baya, har wanda aka saya a tire, ya nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Bayan an dawo gida, watannin farko garkuwa ba ta gama tsayawa ba. Ba ɗanyen nono, ba naman da bai dahu ba, ba ruwan da ba a tafasa ba, ba shiga garke ko sharar turke, ba tsayawa inda ake sussuka. Ɗanyen nono yana ɗauke da zazzaɓin da muke ce wa maltiyya, mai lafiya ma yana kayar da shi balle mai sabon ɓargo.

Sauranmu kuwa, garken ciki kiwo yake so. Abincinsa ba a saidaliyya yake ba, yana cikin tukunyarmu: tuwo da kisra na dawar da ba a surfe ta tas ba, gero, wake, ful, kuɓewa, kuka, gyaɗa, ganye. Jariri kuma nonon uwa, domin a cikinsa akwai wani sukari da jaririn ba ya narkarwa, bakteriyarsa nagari ne ke ci.

Duk mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, ko ya ba wakilinmu a ranar kasuwa. A shiri na gaba za mu ɗauki gwajin jini kafin aure, da abin da AA da AS da SS suke nufi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.